DAGA LINZAMIN DOKI ZUWA MAKAMI MAI LINZAMI: NAZARIN KALMOMIN YAƘI DA NA SARARIN SAMANIYA A HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraron labaran duniya a gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa ya san cewa da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ambaci harba tauraron ɗan'adam, ko kakkaɓo jirgi marar matuƙi, ko gwajin makami mai linzami ba. Waɗannan kalmomi sun zauna daram a bakin jama'a, har ta kai mai magana ba ya tsayawa ya tambayi kansa me ya haɗa linzami da makamin da ke ƙetare teku.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi sawun waɗannan kalmomi, ta nuna cewa mafi yawansu daga tsohon rumbun kalmomin yaƙin doki da baka da kibiya aka ɗebo su, kuma wannan ne ya sa jama'a suka karɓe su ba tare da wahala ba. Sa'an nan za ta nuna cewa kowace daga cikinsu ta taho da guntun tsohuwar ma'anarta, wanda a yau yake rufe wasu bambance-bambance da ya kamata mai sauraro ya sani. An ɗauki ƙasar Katagum ta Jihar Bauci a matsayin madubi, domin ƙasa ce da yaƙi ya kafa ta, kuma tarihinta ya ratsa dukkan zamunan da waɗannan kalmomi suka shigo Hausa.

2.0 Ƙasar Katagum da Tsohon Rumbun Kalmomin Yaƙi

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, ya kuma rasu a 1814. Masarautar ta zauna a bakin iyakar Daular Sakkwato ta gabas, tana fuskantar Barno, saboda haka zamanta na ribaɗi ne. A cikin ƙasar akwai Fulani da Barebari da Karekare, akwai kuma Shirawa da Teshenawa waɗanda harsunansu, dangin Badanci da Ngizimanci, suka ɓace, Hausa ta maye gurbinsu. Daga wannan cuɗanya ce karin harshen da ake kira Guddiranci ya samu. Turawan Ingila sun shiga Katagum a 1903, aka kuma mayar da gadon sarautar zuwa Azare a 1916.

Mayaƙin Katagum na wancan zamani yana da kalmominsa cikakku. Wasu na Hausa ne tun asali, kamar baka da kibiya da kwari da mashi da garkuwa. Wasu kuma, musamman na kayan doki da na bindiga, daga Larabci suka zo, kamar yadda Greenberg (1947) da Hiskett (1965) suka yi bayanin hanyoyin shigowar irinsu:

(1) linzami, daga lijam
sirdi, daga sarj
likkafa, daga rikab
lifidi, daga libd
bindiga, daga bunduƙiyya
albarushi, daga al-barud
harsashi, daga ar-rasas

Greenberg (1960) ya kuma nuna cewa sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima daga Barebari Hausawa suka karɓo su. Ke nan tun kafin zuwan Turawa, fannin yaƙi fanni ne da Hausa ta saba yin aro a cikinsa, ta narkar da abin da ta aro har ya zama nata. Babu Bahaushen da yake jin linzami ko sirdi baƙin kalmomi ne.

Ita ma fasahar Turai ta leƙo wannan yanki tun da wuri. A 1823 Dixon Denham ya harba rokoki a Kukawa a gaban mutanen Shehu Laminu. A watan Janairu na 1824 kuma abokan tafiyarsa, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka sauka Katagum a zamanin Sarki Ɗankauwa, inda Clapperton ya nuna wa fada madubin hangen nesa da kayan auna taurari da yake tafe da su. Oudney ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, a cikin wannan wata. Waɗannan abubuwa sun zo sun wuce a matsayin abin kallo, shi ya sa ba su bar suna a harshe ba. Abu ba ya samun suna sai jama'a sun matsu su riƙa ambatonsa.

3.0 Zamanin Bariki da Zamanin Rediyo

Matsuwar ta zo a mataki biyu. Na farko shi ne zamanin mulkin mallaka, lokacin da Hausa ta zama harshen bariki a rundunar sojan Afirka ta Yamma. A nan ne aka yi aro kai tsaye daga Ingilishi, aka yi wa kalmomin kwaskwarima don su dace da tsarin gaɓar Hausa, wato aka raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ko aka shafe baƙin ƙarshe, ko aka ƙara masa wasali:

(2) soja, kofur, saje, samanja, hafsa, laftanan, kyaftin, manjo, kanar, janar
bariki, fareti, bataliya, gurneti, bam, tanka

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ce ta kai irin waɗannan kalmomi ga masu karatu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin sojan da suka dawo daga Bama kuma suka kai su ƙauyuka.

Mataki na biyu shi ne zamanin rediyo, kuma ya zo daidai da buɗe zamanin tafiya sararin samaniya. An buɗe Sashen Hausa na BBC a watan Maris na 1957, a ranar 4 ga Oktoba ta wannan shekara kuma Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Yuri Gagarin ya kewaya duniya a ranar 12 ga Afrilu 1961. Ƙasar Hausa ba a bar ta a matsayin mai sauraro kawai ba, domin Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a watan Fabrairu na 1962. A ranar 23 ga Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauci, ya yi magana ta tarho da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron Syncom 2. Da aka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, a shekarar ne kuma aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya.

Mai fassarar labarai a gidan rediyo ba shi da lokacin jiran kwamiti. Labari zai zo masa da Ingilishi, cikin sa'a guda ya kamata ya karanta shi ga manomi da ɗan kasuwa waɗanda ba su taɓa ganin abin da ake magana a kai ba. Saboda haka sai ya koma ga abin da mai sauraro ya sani. Littafin McIntyre da Meyer-Bahlburg (1991) a kan Hausar kafofin watsa labarai ya tattara kalmomi da dama da aka samar ta wannan hanya.

4.0 Hanyoyin Samar da Kalmomin

4.1 Faɗaɗa Ma'ana

Wannan ita ce hanya mafi yalwa. Akan ɗauki tsohuwar kalma a ɗora mata sabon nauyi, ba tare da an sauke tsohon ba:

(3) harba: daga sakin kibiya, zuwa harba bindiga, zuwa harba kumbo ko tauraro
sulke: daga rigar ƙarfen barde, zuwa mota mai sulke da rigar sulke ta kare harsashi
garkuwa: daga ta fata, zuwa na'urorin tare makaman da aka harbo
kakkaɓo: daga kakkaɓo 'ya'yan itace, zuwa harbo jirgi
lugude: daga na mata a bakin turmi, zuwa luguden wuta
kumbo: daga mazubi mai kama da ƙwarya ko tasa, zuwa abin hawa na sararin samaniya

Kalmar jirgi ta fi kowace yin tafiya mai nisa. Asalinta abin hawa ne na ruwa, irin wanda ake fito da shi a kogin Jama'are. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911 sai aka sami jirgin ƙasa, da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925 sai aka sami jirgin sama. Wannan ya tilasta wa jirgin asali ya nemi ƙarin bayani, ya koma jirgin ruwa.

4.2 Harɗantawa

Hanya ta biyu ita ce haɗa kalmomi biyu ko fiye su ba da suna guda. Sigogi uku ne suka fi yawa. Akwai suna da mahaɗi da suna, akwai mai amfani da mai ko marar, akwai kuma mai ɗauke da aikatau a cikinsa:

(4) a. tauraron ɗan'adam, jirgin yaƙi, hular kwano
b. makami mai linzami, jirgi mai saukar ungulu, jirgi marar matuƙi
c. makaman ƙare-dangi, jirgin leƙen asiri, 'yan sama-jannati

Makami mai linzami misali ne na ƙirƙira mai kyau ƙwarai. Abin da ya raba wannan makami da harsashi shi ne ana iya karkata shi bayan ya bar inda aka harba shi, kamar yadda mahayi ke juya doki. Wanda ya fara furta wannan suna ya kama ainihin ma'anar da kalma guda, kuma kalmar da kowane ɗan ƙasar da ake hawan salla ya sani. Haka ma jirgi mai saukar ungulu, wanda ya siffanta yadda jirgin ke dira ba tare da gudu a ƙasa ba.

4.3 Aro

Aro kai tsaye bai tsaya ba, amma ya ragu a wannan fanni: roka, rada, nukiliya, satalayit. Abin lura shi ne kalmar aro takan zama 'yar gida ne idan ta sami jam'i irin na Hausa, kamar rokoki da tankoki da bama-bamai. Wadda ba ta samu ba, kamar satalayit, takan tsaya a bakin masu sayar da kayan kallo, tana nufin faifan kama tashoshin talabijin, ba abin da ke can sama ba.

5.0 Inda Kalmomin Suka Gaza

A shekarun 1960 labarin kumbo labarin wasu ƙasashe ne masu nisa, saboda haka ko suna bai yi daidai ba babu wanda zai cutu. Yanzu al'amarin ya zo gida. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Nijeriya a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, da NigComSat-1 daga Sin a watan Mayu na 2007, wanda ya lalace a watan Nuwamba na 2008 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011. A watan Agusta na 2011 an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan hukuma, mai kula da auna doron ƙasa da motsinsa, tana garin Toro a Jihar Bauci, rundunar sojan sama kuma ta ajiye hedkwatar sashenta na ayyuka na musamman a garin Bauci. Mutanen Azare sun ɗanɗani hare-haren bam a watannin Oktoba da Nuwamba na 2014, a watan Agusta na 2024 kuma ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Tsaro da hasashen ruwan sama duka sun dogara a yau ga na'urorin da ke sama. Don haka ya dace a duba ko kalmomin da muke da su suna isar da saƙo yadda yake. Ga wurare huɗu da suka gaza.

5.1 Sama, Sararin Sama da Sararin Samaniya

Dubi waɗannan jumloli biyu, irin waɗanda akan ji a labarai:

(5) a. Nijar ta rufe sararin samaniyarta.
b. An harba kumbo zuwa sararin samaniya.

Jumla ta farko tana magana ne a kan hanyar jiragen sama, kamar yadda ya faru a watan Agusta na 2023. Wannan sarari mallakar ƙasar da ke ƙarƙashinsa ne, tana da ikon buɗe shi ko rufe shi. Ta biyu kuwa tana magana a kan abin da ke can bayan iska, wanda akan ɗauki farkonsa daga wajen kilomita 100 sama da ƙasa, wanda kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa da'awar mallakarsa. Tauraron wata ƙasa yana ratsawa ta bisa Azare yana ɗaukar hoto ba tare da ya karya doka ba, amma jirginta ba shi da wannan dama sai da izini. Hausar labarai ta haɗa wurare biyu masu hukunci daban a cikin suna ɗaya.

5.2 Tauraro, Duniya, Kumbo da Roka

Bahaushe yana da sunayen taurarinsa, kamar Zara matar wata da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Malaman falaki kuma suna da sunayen Larabci, kamar Zuhal da Mushtari da Mirrihu, waɗanda Hiskett (1967) ya yi nazarin yadda suka shiga rubutattun waƙoƙin Hausa. Sai dai kalmar tauraro ba ta raba mai hasken kansa da mai aron hasken rana ba. Masu fassara sun nemi mafita da kalmar duniya, suna cewa duniyar Mas, har ma da duniyar wata, alhali wata yana kewaya duniyarmu ne, ba rana kai tsaye ba. Shi kansa tauraron ɗan'adam ba shi da abin da ya haɗa shi da tauraro sai kamannin gani da dare.

Wannan bai kai rikicin kumbo da roka muni ba. Roka ita ce mai ɗauke da mai da injin turawa, aikinta na 'yan mintoci ne. Kumbo shi ne abin da ke ɗauke da mutane ko na'urori ya ci gaba da tafiya. Tauraron ɗan'adam kuma shi ne wanda aka ajiye a falakinsa yana kewaya duniya, wani a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, wani, kamar na sadarwa, a nisan wajen kilomita 36,000. Akan ji ana musanya waɗannan sunaye uku a cikin labari guda. Idan aka ce kumbo ya tarwatse, mai sauraro ba zai san ko abin ɗauka ne ya fashe ko abin da aka ɗauka ba, ko akwai rai a ciki ko babu.

5.3 Makami Mai Linzami

Kyawun wannan suna shi ne ya jawo masa lalacewa. Saboda daɗinsa a baki, sai aka riƙa kiran duk abin da aka harba ya yi nisa da shi, har da rokar da ba ta da wata na'urar saiti, wadda inda ta faɗi nan ta faɗi. Wato an sa wa doki marar linzami sunan mai linzami. Bambancin yana da muhimmanci, domin wanda ya harba makamin da ake iya saitawa ya zaɓi inda zai faɗa, wanda ya harba roka cikin gari kuwa ya yarda ta faɗa kan kowa. Har ila yau, sunan bai raba makamin da ke lulawa sama ya rikito ba da wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa kamar jirgi. Ƙarin da akan yi na mai cin dogon zango nisa kawai yake bayyanawa, ba irin tafiya ba.

5.4 Jirgi Marar Matuƙi

Wannan ne ya fi kowane buƙatar gyara. Sunan fassara ce ta abin da ke cikin Ingilishi, amma a can ma'anar ita ce babu mutum a cikin jirgin, a Hausa kuwa sai ta koma babu mai tuƙa shi. Gaskiyar magana yawancin waɗannan jirage suna da matuƙi, yana zaune a ƙasa gaban allo, akwai kuma wanda ke ba da umurnin harbi. Wasu masu fassara ma sukan ce jirgi mai sarrafa kansa, wanda ya ƙara nisanta mai sauraro da gaskiya. A rahotannin da ke fitowa daga Jamhuriyar Nijar, inda Amurka ta riƙe sansanin irin waɗannan jirage a Agadas har zuwa 2024, akan ji kurman jirgi, shi ma bai nuna hannun mutum ba.

A daren 3 ga Disamba 2023 wani jirgi irin wannan na rundunar sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa jirginta ne, bisa kuskure. Duba yadda ginin jumla ke sarrafa irin wannan labari:

(6) a. Jirgi marar matuƙi ya kashe mutane.
b. Masu sarrafa jirgin sun harbi mutane.

A jumlar (6a) jirgin ne aikau, sunansa kuma ya riga ya shaida cewa ba shi da matuƙi, saboda haka tambayar wa ya aikata ba ta ma taso ba. Abin ya yi kama da faɗuwar aradu, wanda ba a tuhumar kowa a kansa. A jumlar (6b) kuwa akwai mutum, akwai wanda za a tambaya. Mai fassara bai yi niyyar ɓoye kowa ba, amma sunan da ya gada ya yi masa wannan aiki.

6.0 Sunayen da Sojoji Suka Raɗa

Akwai wata kafa ta daban da Hausa ke shiga wannan fanni, wato sunayen yanka da rundunonin Nijeriya ke raɗa wa kayansu da ayyukansu. Jirgin leƙen asiri da sojan sama suka ƙera aka ƙaddamar a Kaduna a watan Disamba na 2013 sunansa Gulma, wanda ya biyo bayansa a watan Fabrairu na 2018 kuma Tsaigumi. Zaɓin yana da hikima, domin aikin jiragen shi ne su gano su kawo labari. Amma a al'adar Bahaushe gulma da tsegumi halaye ne abin ƙi, ba a yabon mai su. A nan an ɗauki kalma mai mummunar inuwa an ba ta aikin alfahari, kuma an rubuta ta biyun da ai maimakon e na daidaitacciyar Hausa.

Sunayen ayyukan soja su ma abin nazari ne: Lafiya Dole (2015), Sharan Daji (2016), Diran Mikiya (2018), Haɗin Kai (2021), Fansan Yamma (2024). Shara da fansa sunaye ne na jinsin mace, don haka a daidaitacciyar Hausa sharar daji da fansar yamma ya kamata a ce. Amfani da mahaɗin -n ga kowane jinsi siffa ce da aka sani a Hausar Bauci da ta Zazzau, da kuma Hausar bariki ta waɗanda suka koyi harshen da girmansu. Da yake sunaye ne na hukuma, gidajen rediyo suna maimaita su yadda aka raɗa, ta haka sigar da ba ta daidaitacciyar Hausa ba take samun hatimin gwamnati tana shiga kunnen yara.

7.0 Shawarwari

Aikin daidaita kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tattara kalmomin aro, a 1990 an fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage shi ne a waiwayi fannin tsaro da sararin samaniya da irin wannan himma. Tarihin da aka bayar a sama ya nuna cewa kalmar da za ta rayu ita ce wadda aka gina a kan abin da jama'a suka sani, saboda haka rarraba aiki tsakanin kalmomin da ake da su ya fi ƙago baƙi sauƙi. Ga abin da wannan takarda ke gabatarwa don masana su tattauna:

(7) sararin sama: hanyar jirage, mallakar ƙasa
sararin samaniya: abin da ke bayan iska
roka: abin turawa, da kuma makamin da ba a saita shi bayan harbi
kumbo: abin hawa mai ɗauke da mutane ko na'urori
makami mai linzami: wanda ake saitawa kaɗai, a raba shi gida biyu, mai lulawa da mai tafiyar jirgi
jirgi mai matuƙin nesa: wanda mutum ke tuƙawa daga ƙasa
jirgi mai sarrafa kansa: wanda na'ura ce ke yanke masa shawara

Ba a ɗaki za a gama wannan aiki ba. Wajibi ne a zauna da editocin gidajen rediyo da jaridu, domin su ne suka haifi yawancin kalmomin, su ne kuma za su iya gyara su, tare da injiniyoyi da hafsoshin da ke jin Hausa. Ya kuma kamata sassan Hausa na manyan makarantu, kamar na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, su tattara kalmomin yaƙi da na kayan doki da na taurari da suka rage a bakin dattawan fada da mahauta da manoma na ƙasar Guddiri. Rumbun da ya ba mu linzami da sulke da garkuwa bai ƙare ba, amma masu riƙe da mabuɗinsa suna raguwa.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen bayanin makaman zamani da tafiya sararin samaniya sun taru ne a zamuna uku: zamanin yaƙin doki, wanda ƙasar Katagum ta zama misalinsa, da zamanin bariki, da zamanin rediyo. Ta nuna cewa faɗaɗa ma'ana da harɗantawa sun fi aro tasiri a zamani na uku, kuma nasarar kalmomin ta samu ne daga jingina su da abin da mai sauraro ya riga ya sani. Ta kuma kawo wurare huɗu da sunayen suka haɗa abubuwan da ya kamata a raba, mafi hatsarinsu shi ne jirgi marar matuƙi, wanda ke kawar da mutum daga aikin da mutum ne ya yi shi. Tun da waɗannan na'urori sun zo suna shawagi a bisa garuruwanmu, mai sauraron Hausa yana da haƙƙin a gaya masa abin da suke, da kuma wanda ke riƙe da linzaminsu, da kalmomin da ba za su rage masa komai ba.